Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ta Cika da Kaya a Kanta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, iyalan Baba Direba na gidan ƙarshen lungu suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da tsofaffin abokan aikinsa na tasha rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar da ke kan teburin bakin taga a ɗakinsa. Ta cika ne da hantsin Laraba, bayan zazzaɓi mai zafi wanda ba a gane shi ba sai da ya gama aikinsa. Ba a san shekarunta na haihuwa ba, domin da girmanta ta zo gidan, amma mai gyara ya ce sa'o'inta duk sun daɗe da komawa hannun 'yan gwangwan.

Wanda dariya ta zo masa ya yi abarsa, ba a hana ba. Sai dai ya sani, tun da Gwaggo ta yi shiru Baba bai sauko daga gado ba sai don larura, in ban da sau ɗaya da aka lallaɓa shi. Likita kuwa ya daɗe da gaya wa Inna, matarsa, cewa ƙafar da ta taɓa shanyewa ba ta son dogon kwanciya, in aka bar ta ta saba da katifa ba lallai ta sake yarda da ƙasa ba. Wannan shi ne abin da ke hana Inna sukuni, shi ya sa ta ce a rubuta, a sanar, a yi abin yadda ake yi wa na gida.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, ga tarihinta a taƙaice, ko da yake irin wannan labari ba ya son taƙaitawa.

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a kan sitiyarin tirela. Rana ɗaya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sauko da shi, ya dawo gida hannun hagu a lanƙwashe, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Mutumin da bai taɓa kwana uku a gari ɗaya ba ya koma kallon silin. A kawo abinci ya ce ya ƙoshi, a ce ya taka zuwa tsakar gida ya ce ina za shi. A lokacin ne Auta, ƙaramar 'yarsu, mai aiki a shagon gyaran wayoyi da kwamfutoci, ta shigo da wata baƙar kwamfuta mai naɗewa a hammata. Wani ofis ne ya yar da ita. Gefenta a fashe, harafi biyu sun ɓalle daga madannanta, in an kunna ta sai ta yi ta gunaguni kafin ta buɗe ido. Inna ta saurara ta ce, "Wannan ai gwaggo ce, ba a tashinta da gaggawa." Sunan ya bi ta har ƙarshe.

To, kowace kwamfuta da tsarin da take aiki da shi, kamar yadda kowane mutum yake da yaren da yake ji. Tsarin da yawancin mutane suka sani ya yi wa Gwaggo nauyi, sai Auta ta sa mata wani mara nauyi wanda tsoho zai iya ɗauka. Matsalar ita ce wasan tuƙin tirela da ta samo wa mahaifinta an yi shi ne don wancan tsarin. Gwaggo ta dube shi kamar baƙon da ya shigo gida yana ta zuba, ba wanda ke jin ko kalma ɗaya. Sai Auta ta nemo wata manhaja da ke shiga tsakani, wasan ya faɗa mata, ita ta juya wa Gwaggo. A gidan ana kiranta Tafinta. Duk da haka wasan ya ƙi tashi, domin akwai wani ɗan fayil na umarni da ke tayar da shi, shi ma da wancan yaren aka rubuta shi. Auta ta zauna a kan tabarmar Inna, Gwaggo a cinya, ta bi fayil ɗin layi layi tana sake rubuta shi. Ta gwada ya faɗi, ta gyara, ta sake gwadawa. Inna tana cewa, "Ke Auta, shayinki ya huce." Ita kuma tana cewa, "Inna, bari in gama sulhunta su."

Da ta gama, ta ajiye fayil ɗin a tsakiyar allo, ta sa masa suna "Baba danna nan". Ta haɗa ɗan sitiyari na roba a bakin tebur, da feda biyu na takawa a ƙasa, ta kuma ajiye teburin can bakin taga da gangan, nesa da gado.

"Matso min da ita nan," in ji Baba.

"Baba, ka taɓa ganin an kai wa direba mota kan gado?"

Ya harare ta, ya harari tebur. Washegari ya kama bango ya je.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin ya san yadda Gwaggo ke tashi. Da farko fankarta ta ja numfashi, fuuu. Sai cikinta ya ɗauki ƙir-ƙir-ƙir kamar ana tsince tsakuwa a faranti. In Baba ya danna fayil ɗin, wani baƙin allo ya buɗe, fararen rubutu su yi ta gudu sama, da jajaye a tsakaninsu. Ranar farko jajayen sun tsorata shi, Auta ta ce, "Ƙorafi ne kawai, Baba, Tafinta ne ke mita. Kada ka kula shi." Can a ƙasa, bayan duk mitar ta wuce, sai layi ɗaya ya tsaya shi kaɗai na ɗan lokaci, wanda Auta ta ƙara da hannunta: "A sauka lafiya, Baba." Daga nan inji ya tashi.

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri da abin da ba nata ba. Shekara da shekaru tana ɗaukar nauyin baƙon da ba a yi shi dominta ba, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ba za a ɓoye ba, Tafinta ba gwani ba ne, yana fassara yana tuntuɓe. A hanyar Baba ruwan sama daga ƙasa yake tashi ya nufi gajimare. Shanun bakin titi ba su da kai, jiki ne kawai ke kiwo. Allunan hanya ba rubutu a kansu sai ƙananan akwatuna a jere. In ya danna ham, sai ya wuce mai keke sannan a ji paam daga baya, kamar mai ba da haƙuri. Birki ma sai ya yi shawara kafin ya kama. Baba ya haddace duk wannan kamar yadda ya haddace halin tsofaffin motocinsa. Yana taka birki tun kwana ba ta ƙaraso ba, yana gane gari da yawan akwatunan allonsa. Kwandasta, tsohon yaron motarsa wanda yanzu gemunsa ya fi na Baba fari, yakan zo ya zauna a gefen hagu yana leƙen allo.

"Oga, saniya a gaba."

"Na gan ta."

"Ita dai ba ta gan ka ba, da me za ta gan ka?"

Haka ƙafar hagu ta koyi taka feda, hannun hagu ya koyi riƙe sitiyari. Daga tebur ya fara kaiwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa ƙofar gida. Likita ya tambayi Inna wane motsa jiki yake yi, ta ce lodi yake kaiwa.

Auta ta riga mu gidan gaskiya bara waccan, bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ba za a tsawaita a nan ba, domin Inna za ta sa a karanta mata wannan takarda. Abin da ya shafi sanarwar shi ne, bayan an share makoki Baba ya daɗe bai kalli teburin ba. Wata safiya Inna ta shigo da ruwan wanka ta same shi zaune, ya danna, rubutu yana gudu. Layin nan ya fito ya tsaya. Ta ji ya ce a hankali, "Amin, Auta." Daga ranar bai sake fashi ba, kuma bai taɓa fara tafiya bai amsa ba.

Akwai aibi ɗaya da Auta ta ce za ta gyara, kwana ya ƙare mata ba ta gyara ba. Tafinta bai iya ajiye tafiya a tsakiyar hanya ba. Sai an kai kaya an sauke yake rubuta cewa an kai. In aka kashe Gwaggo kafin nan, lodi ya ɓace, kamar ba a taɓa ɗaukarsa ba. Wannan bai dami Baba ba, don a wurinsa ma haka doka take: direba ba ya barin kayan mutane a daji. In lokacin salla ya yi ko an kawo abinci, sai ya gangara gefen titi, ya ja birkin hannu, ya bar inji yana aiki. Wutar sola ce a ɗakin, ba ta yankewa.

Ciwon ajalin Gwaggo ya faro ne daga ciwon Baba. A wasan ya ɗauki lodin gilasan taga zuwa gari mai nisa, ya yi rabin hanya, sai tarin da yake fama da shi ya sauka a ƙirji. Yaya, babban ɗansu, ya zo da mota ya ce asibiti yanzu yanzu. Baba ya gangara gefe, ya ja birkin hannu. Ana riƙe da shi a bakin ƙofa ya waiwayo.

"Innar yara, kada a kashe ta. Da kaya a kanta."

"Ka ji da kanka, Malam."

"Gilashi ne. Kada kuma magen nan ta hau."

Magen gidan tana da ɗabi'ar kwanciya a kan madannai saboda ɗumi, ta taɓa sakin birkin hannu ta jefa tirela a rami. Inna ta tsaya tana tunani. Rufe murfin Gwaggo daidai yake da kashe ta, ƙofar ɗakin kuma ba ta kamawa. Sai ta buɗe akwati ta ɗauko bargon da ya fi kowanne kauri, wanda ba a shimfiɗa wa kowa sai babban baƙo. Ta lulluɓe Gwaggo da shi tun daga allo har tebur. Ta bi gefe da gefe tana cusa bakin bargon a ƙarƙashinta, yadda ta saba yi wa 'ya'yanta, don kada mage ta sami kafa. Ba wanda ya taɓa gaya wa Inna cewa ta 'yan ramukan da ke gefenta da ƙasanta Gwaggo ke numfashi.

An riƙe Baba a asibiti. Kullum Inna takan dawo gida da rana ta ɗauki abin da za ta ɗauka, ta leƙa ɗakin. Ta ji kukan fanka ya canza, daga fuuu ya koma wiii, siriri, ba hutawa. Ta ɗora hannu a kan bargo ta ji zafi. A ranta ta ce aiki ne ya yi mata yawa, ga kewar mai ita. Ta gyara mata rufin, ta ce, "Yi haƙuri, Gwaggo, ya kusa dawowa." A asibiti kuwa, da ta shiga, kafin Baba ya tambayi kowa sai ya ce, "Tana aiki?" Ta ce, "Tana aiki, har ta fi da ƙarfi."

Ranar Laraba da aka ce za a sallame shi, ta zo ɗaukar masa riga. Tun daga tsakar gida ta ji ƙaurin roba. Ɗakin shiru. Ta yaye bargon, allo baƙi ƙirin, tebur da zafi kamar an sauke tukunya. Ta danna inda Baba ke dannawa, ta sake dannawa. Ta kira sunanta ma, ita da kanta ta faɗa.

Ba ta jira kowa ba, ta naɗe ta a zane ta kai wa mai gyara, wanda a shagonsa Auta ta yi aiki. Ya kwance ta, ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago.

"Inna, a cikin me aka sa ta?"

"Bargo na rufa mata."

"Tana kunne?"

"Da kaya a kanta, ɗan nan."

Ya dubi fuskarta. Ya ciro faifan da ke riƙe da duk abin da Gwaggo ta sani, ya haɗa shi da wata na'ura. Aka ji ƙas, ƙas, ƙas, sai shiru. Ya gwada duk dabarar da yake da ita. Daga ƙarshe ya ce wasan ba wuya, ko'ina ana samunsa, Tafinta ma haka. Amma fayil ɗin da Auta ta rubuta a nan kaɗai yake, ba ta ajiye kwafinsa a shago ba, shi ma bai taɓa tunanin ya ɗauka ba.

Da aka shigo da Baba gida, idonsa teburin ya fara nema. Inna ta gaya masa komai a tsaye, ba ta rage ba. Ya daɗe yana kallon inda sitiyarin roba ke maƙale shi kaɗai.

"Ni na ce kada a kashe," in ji shi.

"Ni na rufe."

"To, mu biyu ne."



Yaya, Allah ya yi masa albarka, bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya kawo sabuwar kwamfuta fara sol, mai ainihin tsarin da aka yi wasan dominsa, ba ruwanta da tafinta. Aka lallaɓa Baba ya zauna. Yaya ya danna, kafin ƙiftawar ido ga tirela a tasha, fes, har ana ganin ƙurar madubi.

"Ina baƙin allon?" in ji Baba.

"Ba a buƙatarsa, Baba. Wannan kai tsaye take, yarensu ɗaya."

"To wa zai sallame ni?"

Baba ya ja motar duk da haka, don kada ya kunyata ɗansa. Ya hango kwana ya taka birki yadda ya saba, motar ta ƙame nan take a tsakiyar titi, wata ta daki bayansa. Ruwa ya sauko daga sama zuwa ƙasa. Wata saniya ta ɗago kai ta dube shi. Ya saki sitiyari ya ce, "Wannan ba hanyata ba ce, ban san kowa a nan ba." Ya kama bango ya koma gado, ya juya fuska.

Mai gyara ya ba da shawarar ya ƙirƙiro baƙin allo a sabuwar, ya rubuta wannan layin kalma da kalma, ya ce aikin ɗan lokaci ne. Inna ta ce, "Ka iya rubutawa, ɗan nan, na sani. Amma in ya ce amin, wa yake amsa wa?" Aka bar maganar.

Marigayiyar ta rasu ta bar Baba Direba, wanda ta yi wa hidima har numfashinta na ƙarshe. Ta bar Inna, da ke shiga ɗakin da kwano ta fito da shi yadda ta shiga da shi. Ta bar sitiyari da feda biyu, marayu, an ce sun dace da sabuwar amma ba a tambaye su ba. Ta bar cajarta mai naɗin baƙin salatif, da Kwandasta wanda har yanzu yake zuwa ya zauna a gefen hagu na tebur yana juya hula a hannu. Ta bar mage, wadda ke zagaya wurin tana neman ɗumi, ita kaɗai ce a gidan wadda ba ta san tana da hannu a ciki ba. Tafinta ya tafi tare da ita, haka ma shanun nan marasa kai, da lodin gilasan da ke gefen wata hanya wadda babu ita yanzu a ko'ina. Sabuwar kwamfuta tana cikin kwalinta a kan kabad, ba ta yi wa kowa laifi ba.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba salla ba likkafani, kada a wuce gona da iri, amma zuwa gaida mara lafiya lada ne. Mai gyara ya ce kada a binne ta kuma kada a jefa ta a bola, batirinta guba ne, akwai wurin da ake karɓar matattun na'urori a bayan gari. Yaya ya ce zai jefa ta a but ɗin motarsa ya kai in ya taso daga aiki. A nan ne Baba, wanda aka ɗauka barci yake, ya yi magana fuskarsa na bango.

"A but? Kamar buhun gawayi?"

"To Baba, a ina?"

"Gaban babbar mota. Kusa da direba."

Kwandasta ya miƙe tun ba a gama ba, ya tafi tasha. Ya samo wani direban babbar mota da Baba ya koya wa tuƙi, wanda ya ce ko lodi gare shi zai sauke ya zo.

Saboda haka za a ɗauki Gwaggo ranar Asabar da hantsi. Masu zuwa ta'aziyya su shigo ɗaki su gaisa, su yi masa hirar hanya da ta tasha. Ana roƙon kada kowa ya ce ai na'ura ce kawai, an sani. Kada kuma a tambayi Inna labarin bargo.

Babbar mota ba ta shiga lungun, a bakin titi za ta tsaya, kuma daga ƙofar gida zuwa can da 'yar tafiya. Yaya ya ce shi zai miƙa Gwaggo ga direban. Baba ya ce yaran yanzu ba su san yadda ake ba direba amanar kaya ba, akwai abin da ake faɗa, kuma ba a aike. Kwandasta ya ce to a ɗauko kujera a ɗauke shi, Baba ya ce shi ba gawar ba ne. Da Inna ta zo kwashe kwano, ya ce mata, ba tare da ya juyo ba, ta duba masa takalmansa na fita.

Ta nemo su a ƙarƙashin kabad, ta goge, ta ajiye a bakin gado, bakinsu na kallon ƙofa. Har lokacin da aka rufe wannan sanarwa suna nan inda ta ajiye su. Wanda zai zo ranar Asabar ya zo da wuri, ya tsaya a gefen lungu, ya bar tsakiya a buɗe. In an ga an daɗe ba a fito ba, a yi haƙuri a ƙara jira. Direban ya ce ba zai kashe mota ba.